Da Wuya Inji Ya Yi Mutuwar Fuju'a

'Ya'yana, ku da kuka fito daga kwalejojin kimiyya da fasaha, da ku da kuka tashi a gaban oga a gareji har Allah ya kai ku cikin masana'anta, ku matso kusa mu yi magana. Rayuwata a tsakanin injuna na yi ta, daga masaƙa zuwa kamfanin matsar man gyaɗa, har kaina ya yi fari. Yanzu da ƙarfi ya ja baya, abin da ya rage mini in bayar shi ne magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ku saurara da zuciya ɗaya.

Akwai abin da za ku tarar a duk kamfanin da kuka shiga. Ran da babban inji ya tsaya da tsakar dare, aka tura mota ta ɗauko wani daga gida, ya zo ya kwana yana kwancewa yana ɗaurawa har inji ya tashi da asuba, to washegari sunansa ne a bakin kowa. Manaja zai miƙa masa hannu, wataƙila ma a haɗa masa da ɗan ihsani. Ya kuma cancanci yabo, domin ya sha wuya. Amma a wani sashen akwai mutumin da injunansa suka shekara suna aiki, ba a taɓa tashin kowa daga barci saboda su ba, shi kuwa ba wanda ya san da zamansa. In kun tambaye ni wane ne gwani a cikin biyun nan, na biyun zan nuna muku. Shi nake fata ku zama, ko da yake na san zuciyar matashi ta fi karkata ga na farko, domin aikinsa ne ake gani. Aikin na biyun ƙanana ne, kullum iri ɗaya: gogewa, saurarawa, ɗiga mai, ɗaure noti, rubutawa. Ba su da armashin ba da labari, amma a kansu kamfani yake tsaye, a kansu albashin ɗaruruwan magidanta yake.

Mu da muka ga Kakuri ta Kaduna a zamaninta mun san abin da ake nufi da masana'anta. Masaƙar farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har ya zama in an tashi daga aiki titi ba masaka tsinke don mutane da kekuna. Haka Kano ta cika da kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Da yawansu sun rufe, kuma ba zan ɗora wa masu gyara laifin ba, domin fasa-ƙwaurin atamfa da rashin wuta da tsadar man tukunyar tururi da faɗuwar darajar naira su ne manyan dalilai. Abin da dai idona ya gani shi ne, duk lokacin da kuɗi ya fara ƙaranci, kuɗin kula da inji ake fara datsewa. Daga nan sai a shiga ciro kayan wannan ana saka wa wancan. Kafin a ankara layin da yake cike da injuna ya koma rabi, sauran sun zama gawa ana yagar namansu, kuma ko da kasuwa ta dawo babu abin da za a tarye ta da shi.

Yau ga sabbin injuna sun shigo hannunku. Ga kamfanonin casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, ga na siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, ga matatar mai ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, ga na roba da na taki da na man waken suya. Kusan dukkan injunan nan daga ƙasashen waje aka kawo su. In wani muhimmin abu ya karye a cikinsu, da dala za a saya, a jira jirgin ruwa, a jira fitowarsa daga tasha, a jira motar da za ta hauro da shi Arewa. Abin da wanda yake kusa da maƙera zai maye gurbinsa cikin kwana biyu, ku sai ya ɗauke ku makonni ko watanni. Ga shi kuma littafin da ya zo tare da injin ba a rubuta shi da ƙurar hunturunmu a zuciya ba, ko zafin bazara da ke haura digiri 40, ko wutar da ke hawa tana sauka, ko ruwan burtsatsen da ke barin farin ɓawo a cikin bututu. Ku karanta littafin, ku girmama shi, amma in ya ce a share matacin iska duk wata, ku sani cewa daga Disamba zuwa Fabrairu wataƙila duk mako ne naku.

To ta ina ake farawa? Da zagayen safe. Kamar yadda makiyayi ke ratsa garkensa kafin a saki shanu, yana duban wadda ba ta tashi da wuri ba da wadda ta sunkuyar da kai, haka za ku ratsa injunanku kowace safiya kafin ku zauna. Hanya ɗaya za ku riƙa bi kullum, a tsanake, hannu ba waya. Da wuya inji ya yi mutuwar fuju'a. Yakan daɗe yana faɗin ciwonsa, sai dai a rasa mai saurare. Da farko rawar jikinsa ce ke canzawa, kaɗan, yadda sai na'ura ce za ta gane. Bayan makonni sai sauti ya sauya. Daga baya zafi ya taso. Can ƙarshe wari da hayaƙi, kuma wanda ya jira hayaƙi ya riga ya makara.

Wani dattijon makaniki da na yi aiki a ƙarƙashinsa, Allah ya jiƙansa, yana yawo ne da doguwar sukudireba mai ƙotar katako. In ya iso gaban moto sai ya tsaya, ya ɗora bakinta a kan gidan boris, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ba ya magana. In ya ɗaga kai ya wuce, lafiya ke nan. In ya koma ɗaya gefen ya sake saurarawa, sannan ya ciro alli daga aljihu ya yi ɗan zane a jikin murfin, to mun san cikin makon nan akwai aiki a wurin. Shi ya koya mini bambanta sautukan. Boris mai lafiya shuuu yake yi, a miƙe, ba gargada. Wanda mai ya ƙare masa yana da wani siririn kuka mai tsini. Wanda ƙwallayensa suka fara cinyewa yana gurnani, da ɗan ƙwas-ƙwas a kai a kai. Famfon da ruwa ba ya isarsa yadda ya kamata kuwa sai ka ji kamar tsakuwa yake niƙa, alhali ba tsakuwa ko ɗaya a ciki. Kumfar tururi ce ke tasowa tana fashewa a jikin fankar, kuma in an bar shi haka sai ta rarake ƙarfen ya yi rami-rami. Maganinsa sau da yawa ba ya wuce a wanke matacin bakin bututu ko a buɗe bawul ɗin da wani ya bari rabi.

Ku kuna da abin da ba mu samu ba. Akwai 'yar na'urar auna zafi da ake nuna wa inji daga nesa, akwai ta auna rawar jiki, akwai ɗakunan gwaji da za a aika musu da ɗan kwalbar baƙin mai su faɗa muku ko akwai ruwa ko garin ƙarfe a ciki. Ku koye su, ku nace a saya muku su, domin suna jin abin da kunne ba ya ji. Sai dai awo ɗaya ba ya faɗin komai. Digiri 65 a jikin wani moto lafiya lau ne, a jikin wani kuwa alamar ciwo ce, domin ya saba zama a 45. Wanda bai san injinsa yana lafiya ba, ba zai gane shi yana ciwo ba. Shi ya sa ake aunawa a wuri ɗaya, a rubuta, mako bayan mako, har lambobin su zama labari.

Bari in daɗe kaɗan a kan giris da mai, domin a nan na ga an fi yin asara, kuma a nan aka fi raina aiki. A kamfanoni da yawa bindigar giris a hannun sabon yaro ake damƙa ta, wanda bai san komai ba tukuna, a ce masa je ka zagaya. Shi kuma don nuna ƙwazo sai ya yi ta matsawa har sai ya ga giris ya fito ta gefe. Bai san cewa cikawar ma cuta ba ce. Boris da aka cusa wa giris fiye da kima yana dama shi, ya yi zafi, man ya tsane ya bar dusa, robar bakin ta fashe, ragowar ta shige cikin kwayil. Yawancin gidajen boris kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya ishe su. Kafin a matsa, a goge kan nonon da ake ɗura giris ta cikinsa da tsumma mai tsabta, in ba haka ba ƙurar da ke kansa ce za a fara turawa ciki. Kada a haɗa giris iri biyu don kawai launinsu ya yi kama, domin akwai waɗanda in suka haɗu sai su tsinke su zama ruwa, ko su daskare. A rubuta a jikin kowane inji irin nasa, da yawan matsawa, da ranar da ta dace.

Ku leƙa kuma inda ake ajiye man. Sau da yawa za ku ga duro a tsaye a waje, rana ta dake shi da yini, sanyin dare ya sauka a kansa, damina ta tara ruwa a saman murfin. Duron nan numfashi yake yi. In ya yi zafi ya fitar da iska, in ya huce ya zuƙo, kuma ruwan da ke kwance a bakinsa shi yake zuƙowa, ko da ba a taɓa buɗe shi ba. Sai a zo da yankakkiyar robar lemo da ta kwana a ƙasa cikin ƙura, a ɗebi man a ɗura wa akwatin giyar da aka saya da miliyoyin naira. Ku kwantar da duro a gefensa a ƙarƙashin rumfa, ku samo mazubi mai murfi, kowane mai da nasa. Wannan gyaran ba ya bukatar dala, ba ya bukatar izinin manaja, gobe ma za ku iya yin sa.

Haka maganar ƙura a jikin moto. Tsagogin nan na bayansa da fankar da ke ƙarshensa su ne hanyar shan iskarsa. In audugar masaƙa ko dusar shinkafa ko garin siminti ya toshe su, zafi zai taru a ciki. Masu aikin lantarki suna da ƙa'idar da suka daɗe da sani, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade yana raba kwanan rufin wayar kwayil gida biyu. Moton da ya kamata ya yi shekara ashirin sai ya ƙone a goma ko biyar, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko, alhali buroshi da minti goma yake nema.

In kuma ranar canza boris ta zo, ina roƙonku ku ajiye guduma. Dukan da aka yi masa wajen sakawa yana barin tabo a hanyar ƙwallayen, tabon da ido ba ya gani, kuma daga ranar ya fara mutuwa. A ɗumama shi da na'urar ɗumamawa ko cikin mai mai tsabta, kada ya wuce kimanin digiri 110, sai ya zame ya zauna da kansa. Kada a kusance shi da wutar walda. Kada a ɓare takardarsa sai lokacin sakawa. Bayan an ɗaura, a daidaita moto da famfo su kalli juna sosai, da geji, ba da ƙiyasin ido ba, domin karkatar da ba ta kai kaurin takarda biyu ba tana iya cinye sabon boris cikin watanni.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da zai ba wasunku mamaki. Yawan buɗe inji ba shi ne kula ba. A zamaninmu an yi imani cewa kowane abu yana da adadin kwanakinsa, in sun cika a kwance shi a sabunta, ko yana lafiya ko ba ya lafiya. Masu jiragen sama ne suka fara gano cewa ba haka abin yake ba. A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoto a kan yadda kayan jirgi ke lalacewa. Suka samu cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai lalacewarsu ke bin tsufa, yadda canza su a kan lokaci zai yi amfani. Sauran kashi 89 ba sa bin kalanda. Mafi yawa ma, kashi 68, sun fi lalacewa ne jim kaɗan bayan an saka su sababbi ko an taɓa su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk buɗewa dama ce ta shigar ƙura, ta mance washa, ta ɗaure noti fiye da kima, ta juya gaskit a baibai. Garin neman gira sai a rasa ido. Saboda haka abin da ke cinyewa da aiki, irin su bel da mataci da mai, ku canza shi a kan lokacinsa. Abin da ke nuna alama kafin ya mutu, ku sa masa ido da kunne da na'ura, ku bar shi ya yi aikinsa har sai ya nuna. Abin da mutuwarsa ba ta tsayar da komai, ba ta cutar da kowa, kuma akwai madadinsa a sito, babu laifi a bar shi sai ya mutu. Sanin wanne ne wanne a cikin injunanku, shi ne rabin ilimin sana'ar nan.

Idan abu ya lalace, kada ku jefar da gawarsa. Ku wanke ta, ku ɗora a tebur, ku dube ta da kyau. Tsatsa na nuna ruwa ya shiga. Launin shuɗi na nuna zafi. Cin da ya karkata gefe ɗaya na nuna rashin daidaito. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota yakan koya wa mutanensa su tambayi dalili har sau biyar a jere kafin su yarda sun kai tushe. Na ga amfanin haka a kan wani famfo da boris ɗinsa ke mutuwa duk 'yan watanni, ana ta canzawa ana zagin mai sayarwa. Da aka tsaya aka duba, sai ga tsatsa. Daga ina ruwa? Daga mai wanke daɓe, wanda kowace yamma yake feshe jikin famfon da tiyo don ya yi tsabta, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa illar hakan. Magana ta minti biyu da ɗan murfin kwano suka kashe matsalar. Haka fis da ke yawan ƙonewa. Yana gaya muku ne akwai abin da ke jan wuta fiye da kima. Wanda ya cire shi ya ɗaura waya mai kauri ya rufe bakin mai gargaɗi ne, ƙonewar kuma za ta koma kan moto, ko kan ginin gaba ɗaya.

Na san akwai daren da ba makawa sai an yi dabara, an ɗaure bututu da robar taya ko an riƙe murfi da waya don a kai safiya. Ba na zargin kowa a kan wannan, yanayinmu ne. Abin da nake roƙo shi ne, duk dabarar da aka yi a rubuta ta, da rana, da sunan wanda ya yi, da ranar da za a dawo a yi gyaran gaskiya. Dabarar da ba a rubuta ba takan shekara biyar a wurin, har wanda ya yi ta ya bar aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ɗauka haka injin ya zo.

Littafin miƙa aiki, 'ya'yana, amana ce, kuma a nan maganar ta wuce ta kuɗi ta koma ta rai. A daren 6 ga Yuli 1988, wani dandalin haƙar mai da ake kira Piper Alpha a Tekun Arewa, daura da gaɓar Birtaniya, ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu. Yadda abin ya faro zai ba ku tsoro saboda ƙanƙantarsa. Akwai famfo biyu masu aiki iri ɗaya. Masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya na ɗaya don a gwada shi, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe wanda ba a ɗaure sosai ba, lokacin tashi ya yi ba su gama ba. An cike takarda cewa kada a kunna wannan famfon, amma maganar ba ta kai kunnen masu aikin dare baki da baki ba, takardar kuma tana wani wuri dabam. Da dare ɗaya famfon ya tsaya. Aka duba, ba a ga abin da ya hana ba, aka kunna wanda aka cire wa bawul. Iskar gas ta fita, ta kama. Ga shi kuma famfunan kashe gobara an mayar da su sai an kunna da hannu, saboda masu ninƙaya da ke aiki a ƙarƙashin ruwa. Mutanen nan ba jahilai ba ne, kuma ba mugaye ba ne. Magana ɗaya ce ta faɗi a tsakanin masu tashi da masu karɓa.

Don haka kada ku tafi gida sai kun ga wanda zai karɓe ku ido da ido. Ku kai shi wurin, ku nuna masa da yatsa. In kun yi kuskure a cikin aikin, kun karya wani abu ko kun rasa noti a cikin inji, ku faɗa tun kafin a kunna, domin barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kunyar minti biyar ta fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya. Duk wanda zai sa hannu cikin inji kuma, ya kashe wuta da kansa, ya sa kwadonsa a kan makunnin, makulli a aljihunsa, sannan ya danna maɓallin tayarwa ya tabbatar ba ya tashi. Kada ka yarda da "ai na kashe" daga bakin kowa, ko da babban amininka ne. Na san magidanta da suka koma gida da hannu ɗaya saboda wannan kalmar. Su kuma kayan ko-ta-kwana, janareton jira da famfon jira da na kashe gobara da bawul ɗin tukunyar tururi, ku riƙa gwada su a kan ƙa'ida, domin lalacewarsu ba ta bayyana sai ran da aka neme su.

Wani abu da nake so ku gyara tun kuna sababbi shi ne zamanku da masu tuƙa injuna. A wurare da yawa gaba ce tsakanin ɓangarorin biyu, wannan na cewa su ke ɓatawa, wancan na cewa ba su iya gyara ba. Alhali mutumin da ke tsaye gaban inji awa takwas kullum ya fi ku sanin muryarsa. Mutanen Japan sun gina tsari guda a kan wannan, wanda Seiichi Nakajima ya yaɗa, kuma kamfanin Nippondenso ya yi fice da shi a 1971. Mai tuƙa inji shi ke share shi, ya duba mai, ya ɗaure abin da ya saki, kuma a wajen sharewar yake ganin ɗigo da tsaga. Ba sai kun jira kamfani ya kawo tsari ba. Ku gaishe su, ku tambaye su yaya ya kwana. In wata baiwar Allah da ke kan injin ɗinke buhu ta ce muku yau sautinsa ya canza, ku je ku saurara, ko da ba ku ji komai ba, ku yi mata godiya. Ran da kuka yi mata dariya, ranar ta daina faɗa muku.

Maganar sito gajera ce. Za a kawo muku kayan jabu a kwali mai kyau, a ce rabin kuɗi ne, wani lokaci ma a ce akwai naku a ciki. Ku ji tsoron Allah. Boris na jabu da kuka sa wa hannu, ku ne za ku tashi da tsakar dare ku canza shi, kuma in ya tafi da shaf ko ya raunata wani, alhakin yana wuyanku. Moton ajiya kuma a riƙa juya shi da hannu lokaci-lokaci, a ajiye shi nesa da laima da inda ƙasa ke girgiza.

Saura yadda za ku yi magana da masu kuɗi, domin duk abin da na faɗa yana bukatar a tsayar da inji na 'yan awoyi, su kuma ba abin da suka ƙi ji kamar a tsayar. Kada ku ɗauke su abokan gaba. Akwai oda a kansu, akwai bashin banki, akwai albashi a ƙarshen wata. In ka shiga ofis ka ce inji yana ƙara, za a ce maka lallaɓa shi zuwa bayan Sallah. Ka shiga da littafinka. Ka nuna cewa zafin wannan gidan boris ya tashi daga kaza zuwa kaza cikin mako uku. Ka ce in an ba ka awa huɗu ranar Lahadi, da boris ɗaya da ke sito za ka gama. In kuwa aka bar shi ya kama, zai tafi da shaf, shaf ɗin kuma sai an yi odarsa daga waje. Ka tambayi akawu buhu nawa ake fitarwa a awa ɗaya da kuɗinsu, ka lissafa asarar kwana goma ka ajiye kusa da ta awa huɗu. Ka faɗa da ladabi, murya ƙasa, ba a gaban jama'a ba. In an amince, ka shirya komai tun ranar Asabar, kayan aiki da gaskit da mutanen da za su taya ka, don awa huɗun nan kada ta zama takwas, domin cika alkawarin farko shi zai sa a ba ka na biyu. In kuma an ƙi, ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka faɗa, ka ƙara yawan dubawa daga mako zuwa kullum, ka matso da kayan gyara kusa da injin, ka sake komawa ofis da sabbin lambobi bayan kwana uku.